Ramin Ɗan Tayil

Ranar da motar kaya ta sauke ciyawar roba a ƙofar gidan Ɗan Tayil, duk layin sai da ya leƙo. Naɗi biyu ne, kore shar, kowanne ya fi mutum tsawo. Maigidan yana tsaye a kansu yana washe baki. Ya ba shekara sittin baya, amma har yau ba wanda ya cire masa "ɗan" daga sunansa, don tun yana saurayi yake durƙushe a banɗakunan mutane yana jera tayil.

"Kafet ne?" in ji Direba, maƙwabcinsa, tsohon direban bas da ritaya ta bar wa lokaci mai yawa da baki mai tsawo.

"Ciyawa ce."

"Ciyawa a naɗe? To Allah ya sa akuyar ma ta roba ce."

Ɗan Tayil bai ko kula shi ba. Ya kama naɗi ɗaya ta kai, ya ce wa Direba ya kama ta gindi, suka ratsa da shi ta lungun gida suna nishi har bayan gida. Anti Tela, matarsa, ta ɗaga ƙafa daga keken ɗinki ta biyo su da almakashi a hannu.

"Maigida, wai da gaske kake? A inda nake shanya?"

"Filin golf zan yi. Ba duka ba, ɗan ƙarshen nan kawai, inda ramin yake."

"Kai da ba ka taɓa riƙe sandar ba?"

"Ba nawa ba ne," in ji shi, ya nuna tagar ɗakin baya da haɓa. Labulen tagar a sake yake. Anti Tela ta dubi tagar, ta dubi mijinta. Ta je ta kwance igiyar shanyarta da kanta.

A bayan labulen nan Yaya yake. Shi ne wan Ɗan Tayil, shi ya riƙe shi tun iyayensu suka rasu, shi ya kama hannunsa ya kai shi wurin koyon aikin tayil. Shekara talatin da huɗu Yaya ya yi yana kula da ciyawa a wani filin golf, wasan nan da ake buga 'yar farar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami. Aikinsa shi ne ɗan da'irar ƙarshe mai santsi da ke kewaye da ramin. Kullum da safe sai ya durƙusa ya gangara ƙwallo da hannu ya ga yadda za ta bi, kafin masu wasa su iso. Bayan rasuwar matarsa ya dawo gidan ƙaninsa, suka yi shekara huɗu suna shan shayi tare suna musu a kan komai, har wata biyar da suka wuce ɓarin jikinsa na hagu ya shanye.

An yi asibiti, an dawo. Mai gashin ƙashi ta ce ƙafar za ta iya, zuciyar ce ta ƙi. Sau ɗaya Yaya ya gwada tsayuwa, ya faɗi a gaban baƙi masu dubiya, tun daga ranar ya ja labule ya ja bakinsa. In an yi masa magana sai ya ɗaga kai ko ya girgiza.

To ga Nas, 'yar Yaya tilo, ma'aikaciyar jinya a wani gari mai nisan yini guda a mota. Yarinyar kirki ce, amma in ta yanke magana ko wuƙa ba ta kai ta ba. Da ta zo dubiya ta ƙarshe, ta tsaya a falo da jakarta a kafaɗa ta ce, "Baffa, na san kuna ƙoƙari. Amma zan dawo Lahadi ta sama. In na same shi bai taka ƙafarsa ba, zan tafi da shi wurina, ko yana so ko ba ya so."

Wurinta hawa na huɗu ne. Ɗan Tayil ya san in Yaya ya hau benen nan, ba zai sauko da ƙafarsa ba, shi kuma sai dai ya riƙa jin numfashinsa ta waya. Abin ya tsorata shi ƙwarai. Ya kwana biyu abinci ba ya wuce masa, a rana ta uku dabara ta faɗo masa: mutumin da ya yi shekara talatin da huɗu yana lallashin ciyawa, in ya buɗe taga ya ga kore da rami da tuta, ai ƙafarsa da kanta za ta kawo shi.

Saura kwana tara. Ɗan Tayil ya zage.

Ya fara da zana fili da farar ƙasa, mai siffar ƙodar saniya, don haka ya gani a wani hoto da ke rataye a ɗakin Yaya. Shi da Direba suka haƙe ƙasa zurfin tafin hannu, suka kwashe ta da baro. Direba yana tura baro yana ƙarar ham da baki, in ya zo kwana sai ya fitar da hannu ya ba da sigina. Suka zuba tsakuwa, suka yayyafa ruwa, suka daɓe ta da guntun ƙarfe mai nauyi har kafaɗunsu suka yi tsami. A kan tsakuwar suka baza yashi mai laushi. Ɗan Tayil ya auna tsakiya, ya haƙa rami, ya dasa farin kofin roba a ciki, bakinsa daidai da fuskar yashin.

Daga nan ne fa ya kori kowa. Gyaran fuska aikinsa ne, ba ya son hannu biyu a ciki. Ya ɗaura tsummoki a gwiwa, ya ɗauko cokalin gininsa da dogon katako da ma'aunin ruwansa, ya durƙusa. Yini biyu yana rarrafe yana shafa yashi, yana waƙa a ƙasan maƙoshi, yana karkata kai yana leƙen fuskar da ido ɗaya.

Jama'a, sabo turken wawa. Shekara arba'in hannun mutumin nan bai san wata doka ba sai guda ɗaya: in akwai rami a ƙasa, komai ya bi ta can. Banɗaki nawa ya yi a rayuwarsa, ba a taɓa kiran shi an ce ruwa ya kwanta a lungu ba. Saboda haka da hannunsa ya ga rami a tsakiyar fili, bai tsaya shawara da kansa ba. Daga kowane gefe ya sassauko da yashin a hankali, kaurin yatsa ɗaya a kowane taku, sumul, ido ba ya gani. Da ya gama ma sai da ya ɗebo ruwa a bokiti ya sheƙa a can gefe, ya tsaya hannu a ƙugu yana kallo, ruwan ya taho salun-alun ya shige ramin. Ya gyaɗa kai ya ce, "Aiki ya yi."

Shimfiɗa ciyawar ya ci ranar Alhamis. Suka warware naɗin, suka bar shi a rana ya saki jiki, Anti Tela ta karɓi yankan, don ta ce ba za ta tsaya tana kallon maza biyu suna yi wa yadi kisan gilla ba. Ta bi zanen da wuƙa, ta haɗa bakin naɗi biyu yadda ko ita sai ta lalubo wurin haɗin, aka shafa gam, aka kafa ƙusoshi a gefe-gefe. Ta yanke da'irar ramin, sannan ta ɗinka tuta da ragowar jan yadi ta ɗaura a jikin sandar labule. Ranar Juma'a da hantsi suka barbaɗa yashi a kan ciyawar, suka share shi ya shige ciki, ganyen ya miƙe tsaye.

Kai, abin ya yi kyau! Bayan gidan da aka saba gani da igiyar shanya da tsohuwar taya, ga shi ya koma kore shar da jar tuta tana kaɗawa. Ɗan Tayil ya shiga ɗakin Yaya yana rawar jiki, ya ce, "Yaya, bari in buɗe maka taga ka sha iska." Ya zuge labule, ya juya kujerar Yaya ta fuskanci waje, ya fito da sauri kafin a ce masa ya rufe.

Da la'asar aka buɗe fili. Ɗan Tayil ya samo tsohuwar sandar golf ɗaya da ƙwallaye shida. Ya tsaya a can ƙarshe, ya buɗe ƙafa yadda ya ga ana yi a talabijin, ya taɓa ƙwallon. Ta tafi, ta nufi katanga abinta, sai kawai ta yi wani lanƙwasa, ta dawo, ƙwal, ta faɗa rami.

Sai Direba ya cire hula ya jefa sama.

"Bugun farko! Ɗan Tayil, ashe kai gwani ne ka ɓata rayuwarka a banɗaki!"

"Sa'a ce," in ji Ɗan Tayil, amma bakinsa ya ƙi rufuwa. Ya sake ajiye wata, ya buga. Ƙwal. Ya ajiye ta uku. Ƙwal.

"Ba ni nan," in ji Direba. Ya karɓi sandar ya riƙe ta kamar giyar bas, ya buga ba ko saiti. Ƙwallon ta zagaya rabin fili ta shige. Direba ya yi ihu, ya zagaya tutar a guje yana ham da baki. Ya ce a kira masa matarsa ta zo ta ga wanda ta aura.

Anti Tela ta ce ita ba ta buƙatar sandarsu. Ta ɗauko tsintsiya mai dogon hannu, ta ɗaure ɗankwali, ta share ƙwallon kamar shara. Ƙwal! Ta saki tsintsiyar ta rangaɗa guɗa, ta kama rawa a kan ciyawar ba takalmi. Matar Direba ta shigo da lema, ta buga da mariƙin lemar, ta shiga. Mai shagon kan kwana ya ji hayaniya ya rufe shago ya taho, ya buga da baya, ta tsakanin ƙafafunsa, ta shiga. Aka rufe wa Direba ido da tawul aka juya shi sau uku, ya buga ya nufi randar ruwa, ƙwallon ta yi kamar za ta tsaya, ta yi tunani, ta juyo gida.

Dariya har da masu zama a ƙasa. Direba yana share hawaye yana cewa gobe zai nemi fasfo, ƙasashen waje za shi, ashe wasan da masu kuɗi ke ta yi wa fankama ke nan, wasan da ko tsintsiya ta iya. Ɗan Tayil kuwa ji yake kamar ya tashi sama. Kowace ƙwallo ta faɗa sai ya saci kallon taga, kuma kowane kallo yana ganin Yaya ya ƙara matsowa. Ga fuskarsa nan dab da ƙarfen taga, idanu a buɗe. Ɗan Tayil ya ce a ransa, shi ke nan, ya kamu, sha'awa ta kama shi.

Ba sha'awa ba ce. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Tun ƙwallo ta biyu Yaya ya ga abin da ke ƙarƙashin ciyawar nan, kuma tun lokacin yake cika yana batsewa. Da mai shago ya ajiye ƙwallaye shida a jere ya ture su da gefen takalmi, suka bi juna ɗaya bayan ɗaya suka cika kofin, abin ya kai masa maƙura. Ya damƙi ƙarfen taga da hannunsa mai lafiya, ya buɗe bakin da ya yi wata uku a rufe.

"Ban... ɗaki!"

Kowa ya daskare. Anti Tela ta dafe ƙirji. Ɗan Tayil ya yar da sanda ya ruga taga.

"Yaya! Ka yi magana! Banɗaki za ka? Tela, kawo ruwa, Yaya zai zaga!"

"Ba... ni ba!" Yaya ya fito da yatsa ta taga ya nuna filin. "Wancan. Banɗaki... ka yi. Sakarai."

Direba ne ya fara ganewa. Ya dubi ramin, ya dubi gefen filin, ya dubi Ɗan Tayil, sai ya zube a kan ciyawar yana birgima, kuma ko da ya birgima ɗin ma wajen ramin ya nufa. Anti Tela ta riƙe ciki ta jingina da bango. Ɗan Tayil ya tsaya baki buɗe, kunya ta rufe shi tun daga ƙeya har dunduniya. Amma a ƙarƙashin kunyar wani daɗi ne ke tasowa wanda ya fi ƙarfinsa, don rabon da a ce masa sakarai da wannan murya tun kafin ciwon. Ya fashe da dariya, hawaye na zuba, yana cewa, "Ƙara faɗa, Yaya. Don Allah ƙara zagina."

"Ku fito... da ni," in ji Yaya.

A kan kujera suka ɗauko shi, shi da Direba, suka dire shi a bakin filin. Ya sa aka ba shi ƙwallo, ya sunkuya ya sake ta daga hannu, ya bi ta da harara har ta faɗa. Maganarsa a tsinke take fitowa, sai an kasa kunne, amma ba wanda bai fahimta ba. Ya ce rami ba ya roƙon ƙwallo. Ƙwallo ce ke neman rami, ta sha wuya, ta kuskure, ta sake. Ruwa kuma gefe ake kora shi ya fita waje. Wanda duk ya buga ya ci, to ba wanda ya ci.

"A ɗaye," in ji shi.

"Duka, Yaya?"

"Duka."

Asabar tun da sassafe aka zare ƙusoshi, aka naɗe ciyawar gefe guda. Yaya yana kan kujera a inuwa da sandar golf a hannu, ya mai da ita sandar nuni. Nan a ƙara yashi. Can a rage. Nan a yi ɗan tudu wanda ido ba zai gani ba sai ƙwallo. Ɗan Tayil yana rarrafe yana bin umarni, amma hali zanen dutse, da ya matso kusa da ramin sai hannunsa ya fara sassaukowa da kansa, sai ya ji ƙwas a bayan hannu. Sau bakwai Direba ya ƙirga. Yinin nan Yaya ya yi magana fiye da ta wata biyar, ya cinye abincinsa tas, har ya ce shayin Anti Tela ya yi ruwa.

Sai dai fa bai tashi ba. Da yamma Ɗan Tayil ya ce, "Yaya, zo ka duba wannan gefen da kanka mana," ya miƙa masa hannu. Yaya ya dubi hannun, ya dubi Direba da ke tsaye, ya kau da kai. A kujera aka mai da shi ɗaki. Aikin ma ko rabi bai kai ba, ga shi gobe Lahadi.

Nas ta iso da hantsi, da babban akwati wanda ba komai a ciki. Ta ratso lungu ta tsaya turus. Bayan gida kaca-kaca, yashi tsibi-tsibi, ciyawa a naɗe a jikin katanga, Baffanta durƙushe da tsummoki a gwiwa, mahaifinta kuma a kan kujera a waje. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta riƙe hannunsa.

"Baba, ka fito! Da ƙafarka?"

Direba ya shiga duban sama. Yaya da ya yini jiya yana ba da oda, yau da ya ga 'yarsa da akwati sai ya koma gidan jiya, ya sunkuyar da kai, ko uffan.

"Baffa, ɗauko shi kuka yi."

"Ɗauko shi muka yi," in ji Ɗan Tayil, don bai iya ƙarya ba. "Amma yana magana, 'yata. Jiya sakarai goma sha ɗaya ya yi mini. Ki ƙara mana mako ɗaya."

"Mako ɗaya na ƙara wancan karon, Baffa. Kowane mako yana zaune, ƙafar tana ƙara mutuwa. Ni aikina ne, na san abin da nake faɗa." Idonta ya kawo ruwa, ta goge da bayan hannu. "Anti, zo ki nuna mini inda kayansa suke."

Ta ja akwatin ta shiga ɗaki. Ta taga ana jin ƙarar zip, ana jin ana buɗe durowa.

Ɗan Tayil ya juyo. Ya dubi wansa, tsoho a kan kujera, kai a ƙasa, sanda kwance a cinya. Ba shi da sauran dabara. Abu ɗaya ya iya a duniya. Ya ɗauki cokalin gininsa, ya ja gwiwa ya koma can gefen ramin, nesa da inda sandar Yaya za ta kai, ya kafa cokalin a cikin tudun da suka yini jiya suna gyarawa, ya fara shafe shi yana gangaro da shi wajen ramin. Wannan karon yana sane. Har da waƙarsa.

Direba ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ga idon Ɗan Tayil, ya gane. Ya gyara murya.

"Yauwa! Ai haka ya fi. Ni dama wancan na farkon ya fi mini daɗi, kowa ya buga ya ci."

Kan Yaya ya ɗago.

Anti Tela ta leƙo ta taga da rigar Yaya a hannu, ta ga abin da ake ciki. "Ƙwarai kuwa," in ji ta da ƙarfi. "Tunda mai filin zai tafi, a mayar mana da shi yadda tsintsiyata ke ci. Maigida, ƙara zurfafa shi, in riƙa wanki a wurin."

"Bari," in ji Yaya.

Ɗan Tayil ya yi kamar bai ji ba. Ya ce wa Direba ya miƙo bokitin ruwa a gwada.

"Na ce... bari!"

Ruwa ya sheƙa, ya taho sumul ya shige ramin, Direba ya tafa. Sai kujera ta yi ƙara. Ɗan Tayil bai waiwaya ba, tsoro ya hana shi, amma yana ji. Ya ji kan sanda ya nutse a yashi. Ya ji nishi. Ya ji taku ɗaya mai nauyi, sannan jan ƙafa, sannan wani takun. Direba ya miƙa hannu zai tare, aka buge hannun. A taga ƙarar durowa ta tsaya, sai muryar Nas can ƙasa-ƙasa, tana ƙirgawa kamar yadda take yi a wurin aiki: huɗu, biyar, shida.

A na goma sha ɗaya inuwa ta rufe Ɗan Tayil. Ya ɗaga kai. Ga Yaya tsaye a kansa, jikinsa na kyarma, gumi na ɗiga daga haɓarsa, ya dogara da sandar golf. Ya sa ƙafarsa mai lafiya ya take cokalin ginin.

"Ka ɗauka... ban san... da gangan kake ba?"

"Na sani ka sani, Yaya."

"Sakarai."

"Na gode, Yaya."

Nas ta fito a guje ba takalmi, ta zo ta tsaya a bayansa da hannuwa a buɗe, ba ta taɓa shi ba. Tana kuka tana dariya, ta rasa wanda za ta fara yi wa faɗa. Da ƙyar ta ce, "Baba, kayanka fa? Na riga na zuba rabi."

Yaya ya juyo da kai a hankali ya dube ta.

"Mayar. Ina zan je... in bar wa wannan fili? Kwana biyu... ya sa masa famfo."

Direba ya kwashe da dariya har da tari. Anti Tela ta sake rangaɗa guɗa daga cikin ɗaki. Ɗan Tayil ya so ya tashi ya rungume wansa, gwiwoyinsa suka ƙi, sai ya zauna daɓas a cikin jiƙaƙƙen yashi ya kama ƙafar wandon Yaya ya riƙe, yana kuka wiwi kamar ba dattijo ba. Yaya ya bar shi ya yi mai isarsa, sannan ya zungure shi da sanda a kafaɗa, ya ce ya tashi ya ɗebo busasshen yashi, rana tana yi.